Satar Haruffa Masu Takalmi

Da safe Auta ta zo buɗe madaba'ar babanta, ta tarar an riga ta. Kwaɗon ƙofar baya yana yashe a ƙasa, an fasa shi da guduma, ƙofar kuma a sake. Ba ta shiga ba. Leƙawa kawai ta yi, ta ga manyan durowoyi uku na jikin bango an zaro su an jingine, wayam, ko tsinke babu. Ta ɗora hannu a ka, ta kira yayanta, sannan ta kira 'yan sanda.

Sufeton da aka turo mutum ne mai gajen haƙuri, ga shi ranar da ciwon haƙori ya tashi. Ya zo da zaton inji aka sace ko janareto. Da aka ce masa haruffa ne, sai ya dubi Saje, Saje kuma ya dubi sama.

"Haruffa? A kan haruffa aka taso ni?"

"Na katako ne, ranka ya daɗe," in ji yayan Auta. "Zo ka gani."

Shi wannan yayan shi ne babban ɗa, shi ke jera haruffa a madaba'ar tun tasowarsa, har sunansa ya ɓace, kowa sai Mai Jeri. Yatsunsa sun rine da tawadar da sabulu ya daɗe da sallamawa. Ya ja Sufeto gaban wata tsohuwar fosta ta wasan ƙwallo da ke manne a bango. Haruffan kanun kowanne ya kai tafin hannu, masu kauri, kuma kowace sandar harafi ta ƙare da 'yar ƙafa mai faɗi da ta lanƙwasa sama kamar bakin takalmi. A tsakiyar jikin harafin an fafe siririn layi fari, da ɗan ɗigo a ƙugu. Ko wanda bai iya karatu ba, in ya wuce sai ya waiga. Mahaifinsu ne ya sassaƙa su da hannunsa tun yana saurayi, ɗaya bayan ɗaya, a juye, yadda in an shafa tawada an danna a takarda za su fito daidai. Masu kawo aiki ba su san musu wani suna ba, sai dai su ce, "A yi min kan da Masu Takalmi."

Ƙasan ɗakin kuwa babu wurin sa ƙafa. Ƙananan haruffan dalma, irin na buga rubutun cikin littafi, an watsa su ko'ina kamar tsakuwa. Sufeto ya taka wasu, suka yi ƙaras a ƙarƙashin takalminsa, saura kaɗan ya sha ƙasa. Mai Jeri ko a jikinsa, yana ta nuna durowoyin da aka kwashe. Amma da Saje ya kama wata siririyar durowa ta ƙananan haruffa ya fizgo don ya ga ko an taɓa ta, sai mutumin ya yi tsalle ya tare ta da hannu biyu.

"A hankali, don Allah! In wannan ta kife na shiga uku. Ɗaya-ɗaya zan tsince su, in duba fuskar kowanne, in mayar da shi gidansa. Sai bayana ya ƙage ban gama ba."

Saje ya sake ta. Durowar cike take, haka ma sauran 'yan'uwanta.

"Me da me aka ɗauka?" Sufeto ya tambaya.

"Masu Takalmi, kaf," in ji Mai Jeri.

"Har katakon tazara ba su bari ba," Auta ta ƙara daga bakin ƙofa. "Da kwalbar man da ake shafa musu."

"Mene ne kuma katakon tazara?"

"'Yan guntayen da ake sawa tsakanin kalma da kalma, ranka ya daɗe. Ba rubutu a jikinsu."

Sufeto ya yi tsaki ƙasa-ƙasa. Ya sunkuya ya damƙi haruffan dalmar nan cikin hannu ya zuba a ambulan, ba don yana ganin za su yi masa amfani ba, sai don kada ya koma ofis hannu rabbana.

Da maigadin layin aka fara. Ƙofar bayan madaba'ar cikin wani siririn lungu take, hanyar fita ɗaya ce, kuma a bakinta yake kwana. Ya rantse ya maya cewa babu wanda ya wuce da kaya.

"Ka ce dai barci ka yi," in ji Saje.

"Yallaɓai, barci ina yi, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma bencina a gicciye yake a bakin lungun. Mai ɗauke da buhu sai ya tsallake ni, ni kuwa ko kyanwa ce ta tsallake ni ina ji."

"Ƙarar guduma fa?" Sufeto ya ce.

"An kwana ana ruwa da tsawa. Ko ginin aka rushe ba lalle in ji ba."

Aka birkice ɗan ɗakinsa, ba a sami komai ba sai tabarma da rediyon da ba ta da batir.

Na biyu wani dillali ne mai sayar wa otal-otal da gidajen abinci tsofaffin kaya don ado a bango. Ya sha zuwa neman Masu Takalmi ana korarsa. Suka same shi a shagonsa, ƙafa ɗaya ɗaure da filasta har gwiwa, babur ne ya kayar da shi.

"Na nema, an hana ni, na haƙura," ya ce. "Kuma ko a kyauta aka kawo min su yau ba zan karɓa ba. A wane bangon zan manna su da ba za a gane su ba? Rabin shagunan layin nan da su aka buga fostar buɗe su."

"In da za ka saya, har da katakon tazara za ka haɗa?"

Dillalin ya yi dariya har ƙafar ta motsa ya yamutsa fuska. "In yi me da su? In hura wuta?"

Nan ma aka bincika, babu komai. Sufeto ya fito ransa a ɓace, rana ta take, haƙori na zugi. A bakin mota Mai Jeri ya tare shi, ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, ba na son faɗa, don gida ne. Amma ka tambayi Injiniya."

Injiniya mijin Auta ne. Ba injiniyan komai ba ne, zane yake yi a kwamfuta a wani ɗan shago, surukansa ne suka laƙa masa sunan don ba'a. Ya daɗe yana naci a ba shi Masu Takalmi ya ɗauke su hoto ya shigar da su kwamfuta, yadda za a riƙa buga kanu da su ba sai an taɓa katako ba. Tsohon, baban su Auta, ya ƙi. Ba da jimawa ba ma sun yi ka-ce-na-ce da Mai Jeri a gaban masu kawo aiki, har Injiniya ya ce, "Ko kun so ko kun ƙi, sai haruffan nan sun shiga kwamfuta." Mutane da dama sun ji.

A shagon Injiniya, a durowar teburinsa, Saje ya zaro wani abu naɗe a hankici. Harafin R ne, na katako, da takalmansa.

"Wannan na wa?" Sufeto ya tambaye shi a ofis.

"Na Baba ne."

"Shi ya ba ka?"

"Bai ba ni ba. Ɗauka na yi in gwada, in nuna masa yadda zai fito, ko zai sauko. Da niyyar mayarwa."

"Yaushe ka ɗauka?"

"Tun kafin satar."

"Sauran suna ina?"

"Wallahi ban sani ba. Yallaɓai, ni hoto kawai nake so. Katako yana tsufa, gara tana ci. So nake ko bayan ran Baba a riƙa ganin hannunsa."

"Duk ɓarawon da ya zauna a kujerar nan da kyakkyawar niyya ya zo," in ji Sufeto, ya sa aka kai shi sel.

Washegari aka riƙo hannun tsohon aka kawo shi ofis. Idanunsa sun yi rauni, sai dai ya ga dishi-dishi, amma muryarsa tana nan da ƙarfinta. Aka sa masa harafin R a hannu, ya shafa shi da babban yatsa tun daga kai har takalmi.

"Na ba shi 'ya, ya shigo ya yi min wannan. Sufeto, kotu za a kai shi, ba sulhu, ba roƙo. Ke kuma Auta, in ya tabbata shi ne, sai ki zaɓa, ko gidansa ko gidana."

Tun daga ranar Auta ta tare a bencin ofishin. Kullum tana nan da kular abinci a cinya, ba ta kuka, ba ta roƙon kowa, sai dai ta bi Sufeto da ido duk inda ya gifta. Wannan kallon ya fi ciwon haƙorin damunsa. A ɗaya ɓangaren kuma Oga, shugaban ofishin, ya sa shi gaba.

"Kana da ɓarawo, kana da kaya a hannunsa, kana da shaidun da suka ji ya yi barazana. Me kake jira? Sai an buga maka shi a fosta?"

"Harafi ɗaya ne a hannunsa, yallaɓai. Ina sauran?"

"Alƙali zai tambaye shi. Ka haɗa takardu."

Da ya fito daga wurin Oga, Auta ta miƙe ta tsaya a gabansa.

"Ranka ya daɗe, mijina yana da taurin kai, yana da baki, wani lokaci ni ma kamar in shaƙe shi. Amma ba ɓarawo ba ne. In ka kai shi kotu, ba shi kaɗai ka kai ba, da aurena ka haɗa. Baba ba ya magana biyu."

"Malama, ni ba alƙalin aure ba ne," ya ce, ya wuce. Yana shiga ofis ya ji kunyar maganar.

Ya zauna ya jawo takardun, ya kasa rubuta ko layi ɗaya. Don haushi ya zazzage ambulan ɗin nan a kan tebur, ya ɗauki harafi ɗaya ya dangwala a tawadar hatimi ya danna a gefen jarida. Rabin harafi ne ya fito, kan ya gutsure. Ya ɗauki wani, wannan ya suɗe har ba a gane ko mene ne. Na gaba ya tsage a tsakiya. Ya gyara zama. Ya bi su ɗaya-ɗaya har ya gama, yatsunsa suka yi shuɗi. Manya da ƙanana ne a cakuɗe, kuma a cikinsu kaf babu mai lafiya ko ɗaya. Sai ya tuna durowoyin ƙananan haruffa duk a cike suke. To daga ina waɗannan suka zubo?

Ya ɗauki Auta da Saje suka koma madaba'ar. Mai Jeri ya fita kai aiki. An share ƙasan tas.

"In harafin dalma ya lalace, ina kuke kai shi?"

Auta ta sunkuya ƙarƙashin teburin yanka takarda ta jawo wani tsohon bokitin fenti. "Nan muke jefawa, in ya cika a kai a narkar." Ta leƙa ciki. Haruffan da aka share duk an mayar da su nan.

"Wa ya share?"

"Yaya."

"Ya tsince su ɗaya-ɗaya?"

"A'a. Da tsintsiya ya tara ya juye." Ta dubi bokitin, ta dubi Sufeto.

"Mijinki ya san amfanin bokitin nan?"

"Shi? A wurinsa duk harafin dalma ɗaya ne, duk shara ne. Ko sabo da matacce bai bambance ba."

Sufeto ya aike ta shago ta sayo masa maganin haƙori. Tana fita ya ce wa Saje ya ɗauko tsani. In maganar maigadi gaskiya ce, kayan ba su taɓa barin ginin ba. Sun riga sun duba ɗakin aiki da siton takardu tun ranar farko, saura sama. A siton akwai 'yar ƙofar shiga silin. Saje ya hau yana gunaguni, ya jima, ya sauko da yana a gashin baki.

"Suna nan. An naɗe su a ƙyalle, an jera a kwali, kamar kayan jariri."

"Bar su yadda ka gan su."

"Yallaɓai, mun fa gano kaya!"

"Kaya muka gano, ba ɓarawo ba. Kowa a gidan nan ya iya hawa tsani. Yanzu in na sauko da su, sai a ce Injiniya ne ya ɓoye kafin ya sami mota."

Daga nan ya wuce gidan tsohon. Ya same shi zaune a ƙofar ɗaki, hannuwa a kan gwiwa, kamar mai jiran a kawo masa aiki.

"Baba, kafin satar nan, akwai wani abu da ya canza game da haruffan?"

Tsohon ya ɗago kai. "Abin da ya fi ci min rai ke nan, ɗana. Na riga na sauko. Na zauna na yi tunani, na ga idona ya tafi, hannuna ya tafi, ba zan sake sassaƙa ko wasali ɗaya ba. Na ce a ba shi ya ɗauki hotonsa. Da ya ƙara haƙuri kaɗan, da hannuna zan miƙa masa."

"Ka faɗa masa?"

"Suruki ne, ba na son doguwar magana da shi. Na faɗa wa babban ɗana ya sanar da shi."

"Wa kuma ya ji?"

"Daga ni sai shi."

A sel, Sufeto ya tambayi Injiniya ko an taɓa kawo masa wani saƙo daga surukinsa. Mutumin ya buɗe baki yana kallonsa. Da ya fahimci abin da ake nufi, sai ya juya ya fuskanci bango.

Sufeto ya roƙi Oga ya ƙara masa wuni ɗaya, ya sha faɗa, ya samu. Da la'asar hadari ya haɗo, gari ya yi duhu, Sufeto ya tara su duka a madaba'ar. Tsohon yana kan kujera, Auta a tsaye kusa da shi, Mai Jeri ya jingina da inji, Injiniya kuma da ankwa a gefen Saje.

"Kafin in fara," Sufeto ya ce yana kakkaɓe hula, "ku nemi kafinta. Na gani daga waje, iska ta ɗage kwano ɗaya a saman sitonku. In ruwan nan ya sauko, silin ɗin zai sha."

Ƙarya yake yi, rufin lafiyarsa lau. Ya ja kujera ya zauna, ya fara magana a hankali kamar wanda ba shi da wurin zuwa.

"Na zo nan ina ganin an raina min hankali, an taso ni a kan katako. Sai ga katakon ya hana ni sakat. Bari in faɗa muku abin da ya dame ni. Ɓarawo in yana sauri, durowa yake fizgowa ta kife. Wannan ɓarawon kuwa ya cika ɗaki da haruffa, amma bai kifar da durowa ko ɗaya ba. Sunkuyawa ya yi ƙarƙashin tebur, ya jawo bokitin matattun haruffa, ya watsa. Yana so a ga ɓarna, amma ba ya son a yi ɓarnar."

Ruwa ya fara sauka a kan kwano, ɗis-ɗis, sannan ya kece. Mai Jeri ya ɗaga kai ya dubi sama, ya sauke.

"Wa zai ji tsoron kifar da durowa? Wanda in ta kife shi ne zai durƙusa ya tsince. Ranar farko na taka haruffan nan da takalmina, ba wanda ya ce min kanzil. Saje ya taɓa durowa ɗaya, aka kusa cire masa hannu."

"Ranka ya daɗe," in ji Mai Jeri, "bari in leƙa sito, akwai takardun mutane."

"Zauna. An rufe su da leda, na gani." Sufeto ya ci gaba. "Sai katakon tazara. Dillali ya ce sai dai ya hura wuta da su. Mai ɗaukar hoto kuma me zai ɗauka a jikin katakon da ba rubutu? Mutum ɗaya ne zai haɗa da su, ya haɗa da kwalbar mai, wato wanda yake da niyyar wata rana ya sake jera haruffan nan ya buga aiki da su."

Ruwan ya ƙara ƙarfi har sai da Sufeto ya ɗaga murya. Zufa ta karyo wa Mai Jeri duk da sanyin da ake yi. Yatsunsa suna ta murza gefen riga.

"Sai saƙo. Baba ya sauko, ya ce a ba Injiniya haruffan. Da saƙon ya isa, me zai sa mutum ya fasa kwaɗo don ya saci abin da za a miƙa masa da rana tsaka? Saƙon bai isa ba. A bakin wanda aka ba ya maƙale."

Aka yi wata tsawa, iska ta bugi rufin. Mai Jeri ya zabura.

"Za su kumbura!" ya yi ihu. "In ruwa ya taɓa su za su kumbura su tsage!"

Ya ruga sito, ya jawo tsani, ya haye. Ba wanda ya tare shi. Suna jin motsinsa a cikin silin. Can sai ga shi ya sauko rungume da kwali, a bushe ƙayau, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Ya tsaya a ƙofar siton yana haki, ya dubi kwalin, ya dubi Sufeto, sai ya gane. Ya ajiye shi a hankali a kan tebur, ya zame ya zauna a ƙasa.

"Me ya faru?" tsohon yana tambaya. "Wa ya hau sama? Auta, me ya faru?"

Auta ta kau da kai. Sufeto ne ya ɗauki harafi ɗaya daga kwalin ya sa masa a hannu.

"Kayanka ne, Baba. Babban ɗanka ne ya ɓoye su a silin, ya fasa kwaɗon don a ce daga waje ne. Saje, cire wa bawan Allah nan ankwa."

Mai Jeri ya fara magana kansa a ƙasa. "Tun ina yaro nake jera su. Ni na san wanda sai an sa masa 'yar takarda a ƙarƙashi kafin ya kai tsayin 'yan'uwansa. Ni na san wanda ba ya son tawada da yawa. In suka shiga kwamfuta, kowane mai waya zai buga Masu Takalmi yana kwance a gado. Ni kuma in zama wa? Ba sayarwa zan yi ba, Baba. Cewa na yi in ɓoye su har maganar ta wuce."

"Da a nan ka tsaya, da na ji tausayinka," in ji Sufeto. "Amma da kake kwashe su ka ga R ɗaya babu, ka kuma san wanda zai ɗauka. Shi ya sa ka tare ni a bakin mota ka tura ni shagonsa. Kana kallo aka rufe mijin ƙanwarka, kana kallo tana zaman benci, ka zo nan ka ɗauki tsintsiya kana shara."

"Yaya," Auta ta ce, "kai fa ka goya ni. Kullum da na dawo daga ofishin nan kai kake ce min in yi haƙuri."

Mai Jeri bai ɗago ba.

Sufeto ya miƙe ya yi wa Saje alama da ankwar. A nan tsohon ya ɗaga hannu.

"Dakata, ɗana. Na janye."

"Ka me?"

"Na janye ƙarar. Kayana ne, an same su. Wannan maganar gida ce, a gida za mu kashe ta."

Ran Sufeto ya ɓaci. Ya sha rana, ya sha faɗan Oga, ya rufe mutumin da bai ji ba bai gani ba, ƙarshenta a ce masa maganar gida ce. Ya san kuma in mai kaya ya ƙi tsayawa, ba inda shari'ar za ta je. Ya buɗe baki zai yi faɗa, Auta ta riga shi.

"Baba." Ba ta ɗaga murya ba. "Da kake zaton mijina ne, kotu ka ce, ba sulhu, ba roƙo. Yanzu da ya zama ɗanka, ta koma maganar gida. Shi wanda ya kwana a sel, ashe ba ɗan gida ba ne. Ni ma da ka ce in zaɓa, ashe ba 'yar gida ba ce."

"Auta, ɗan'uwanki ne. So kike in kai jinina kurkuku?"

"Ba na so. Wallahi ba na so a kai shi ko'ina. So na yi a ce rannan ma ka faɗi haka."

Ta ciro makullan madaba'ar daga jaka ta ajiye a kan inji, a hankali, ko ƙara ba su yi ba. Injiniya yana tsaye yana murza wuyan hannunsa, bai dubi kwalin ba ko sau ɗaya. Ta taɓa kafaɗarsa, suka fita cikin ruwan ba laima.

Ƙarar ruwa a kan kwano ta hana tsohon jin tafiyarsu. Ya juya fuskarsa wajen da take tsaye ɗazu, ya sassauta murya, ya ce ta yi haƙuri, zafin rai ne da tsufa, ta ce wa mijinta ya zo gobe ya ɗauki haruffan duka ya yi hotonsa, har ya riƙe su in yana so. Ya ci gaba da lallashinta yana miƙa hannu. Sufeto ya dubi Saje, Saje ya dubi Mai Jeri, aka rasa wanda zai gaya masa ta riga ta tafi.